Darar Dawo da Dabino

Kakana na wajen uba bai san ranar da aka haife shi ba, kuma bai taɓa jin ya yi asarar komai ba. Ni ce na yanka masa shekara tamanin. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta Mayahi, lokacin, na ga yadda 'ya'yan ma'aikata ke bikin ranar haihuwa, na ce kakana, angona na wasan jika, shi ma sai an yi masa.

Ba don biki na yi ba. Damina ta sake yin gardama a shekarar, rumbunanmu a Kanambakashe sun koma ɗakin ɓeraye, sojoji na raba jar dawar taimako da mudu. Tsohon ya daina cin abinci. In an kai masa tuwo sai ya ce ya ƙoshi, ya tura wa jikoki akushin. An yi lallashi, liman ya yi wa'azi, duk a banza. Wuyansa ya zama kamar na tulu. Na ji tsoro ƙwarai, amma na san mutumina, ba a kama shi ta wajen tausayi.

Ƙanena ya kawo shawarar tseren buhu da wasan kujeru irin na lakwal. Na ce ya rufa mini asiri, wa zai sa masu furfura tsalle da yunwa a ciki? Taro mai ganga kuma sai da izinin hukuma, ni kuwa ba ni da ƙafar zarya. Wasa ɗaya na sani da zai fito da shi daga ɗaki, shi ne dara. Yana alfahari duk ƙasar Tasawa ba a taɓa cinye shi ba, ko da yake ban ga shaidu ba.

Na aro allon dara na itace. Maimakon tsinke da duwatsu, na sa gwaggota ta mulmula dawo, wato curin fura, ƙanana da geron da na zo da shi, na haɗa da dabinon da na saya a kasuwa. Sannan na aika aka kira abokin karawarsa, wani dattijon Bafulatani da fari ya kwashe masa shanu. Shi ma na san da ya ci abinci a gaban mutane gara ya kwana da yunwa.

Da hantsi na tsaya ƙofar ɗakin tsohon.

"Angona, abokinka na waje. Ya ce tsufa ta cinye maka dara."

"Mi ya ce?"

"Ya ce ko yaro ya ishe ka yanzu."

Sai ga shi ya fito yana laluben sanda. Da suka zauna gindin bishiyar bedi na faɗi dokata: wanda ya jera uku ya ci ɗan darar abokinsa, to ci na gaske zai yi, a baki. Wanda ya ƙi, an cinye shi ke nan.

Kakana ya dubi allon, ya dube ni.

"Amarya, wagga dara taki da makirci cikinta."

"Ka ji tsoro ne?"

Kakana ya kasa dabino a allon, abokin ya kasa dawo. Ba a jima ba kakan nawa ya jera uku. Ya ɗauki dawon ya riƙe, yara sun zuba masa ido. Girman kai ya yi mini aikin da wa'azi ya kasa. Ya jefa a baki, ya tauna, ya ce gishiri bai ji ba.

Can na lura wasan ya canza. Gwanin Tasawa ya fara barin ƙofa a buɗe, irin kuskuren da ko ni ba zan yi ba. Bafulatanin ya ci dabino, ya sunkuyar da kai yana taunawa a cikin rawani. Shi ma sai ya shiga sakin nasa 'ya'yan da gangan. Kowa na ciyar da ɗan'uwansa, kowa na zagin ɗan'uwansa da rashin iya wasa. Na koma bayan rumbu na share hawayen daɗi.

Da allon ya kusa zama wayam, kakana ya ɗaga murya ba tare da ya waiwayo ba.

"Amarya, 'ya'yan sun ƙare. A dama sauran dawon da nono, a kawo ludayi biyu."