Munduwar Kaki ta Ƙarshe

Ni maƙerin fari ne, aikina azurfa. A zamanin da nake magana, Dakoro rijiya ce da 'yan bukkoki kewaye da ita, Nasara kuwa sai dai a ji labarinsu a bakin fatake. Fulani da Buzaye sukan biyo da bisashe su shayar, matansu su zo maƙerata da tsohuwar azurfa ƙulle a bakin zane, a narka a yi musu sabon abu. Haka sana'ar take. Azurfa ta mai ita ce, namu hannu ne da gawayi.

Kowa ya san zanen mundayena ba daga kaina yake fitowa ba, daga wurin matata ne. Da kakin zuma ake fara gina munduwa, a lulluɓe ta da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki, a gasa har kakin ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce a fasa yumɓun. Duk abin da ke jikin kakin, azurfa za ta ɗauke shi. Hannuna zafi gare shi, kaki yana taɓa shi sai ya langaɓe, nata kuwa kullum a sanyaye saboda ɗebo ruwa. Takan dawo daga rijiya ta sauke tulu, ta ce yau ta ga hanyar da buzuzu ya bi a kan rairayi, ko sawun zabi a bakin kwamin shayar da bisashe. Sai ta zauna ta murza kaki siriri kamar zare, ta jera abin da ta gani. In na sa baki ta ce in bari, hannuna na sassaƙar turmi ne. Nakan yi fushi in fita, in dawo in tarar ita ke da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Zazzaɓi ya kwantar da ita bayan kaka. Tana kwance ta ce a miƙo mata kaki, ta gina munduwa guda da sawun kurciya zagaye da ita. Ta ciki, inda ta riƙe, babban yatsanta ya lotsa kakin, har layukan fatarta sun fito. Na nuna mata, ta ce za ta shafe in ta tashi. Ba ta tashi ba.

Na sa munduwar a 'yar ƙwarya na binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ba na iya kallon kayanta, amma wannan nakan tono ta in duba lotsin. Shi kaɗai ne wurin da na san hannunta ya taɓa, wani bai taɓa a kai ba. Da bazara ta shigo, ruwan randa kansa ya koma ɗumi, sai na ga sawun kurciya ɗaya ya fara kwanciya. Na san in na bar ta zafi zai cinye ta. In kuma zan tsirar da ita, sai na gasa ta da hannuna na zuba azurfa, azurfar da ko ƙwaya ba ni da ita. Tagullar da nake da ita ba ta bin siririn zane, cushe shi take yi.

Ana haka wata Bafillata ta zo da tsofaffin 'yan kunnen uwarta, tana son munduwa kafin su yi arewa. Na ce ta dawo jibi, na zauna ina zagin talaucina da ita da ranar da ta kawo ta. Daga baya na tono ƙwaryar. Ina shafa yumɓu ina kuka, kuma da kakin ya tsiyaye a kan garwashi ya yi ƙauri, zuciyata ta karye fiye da ranar jana'iza.

Zubin ya yi kyau. Sawun kurciya ya fito, lotsin ma ya fito da layukansa duka. Na goge ko'ina da magagari na bar nan.

Da ta zo ta juya munduwar, ta lalubo cikin da yatsa.

“Maƙeri, wanga wuri bai yi sumul ba. Goge mani shi.”

“Yatsan matata na,” na ce. “Ta rasu ba ta ƙare ba.”

Bafillatar ta yi mata addu'a, ta ce in bar shi, ta zura hannu ta tafi. Na bi ta da ido har shanunsu suka sha kwana.

Tun daga nan duk shekarar da makiyaya suka sauko, idona yana wuyan hannun mata, har aka fara cewa tsufa ya zo wa maƙeri da rashin ta ido. Ban kula su ba. Na yi ta zuwa bakin kwami ina duban sawun tsuntsaye, ko zan ga abin da take gani, amma ni taɓo kawai nake gani. Tsofaffin zane-zanenta na ci gaba da maimaitawa.

Sai da gemuna ya yi fari sannan Bafillatar ta sake biyowa. Ba ta jira na tambaya ba, ta tuɓe munduwar ta miƙo mini. Na juya cikin da sauri. Layukan babu ko ɗaya, wurin ya yi santsi yana walƙiya.

“Wallahi ban goge ba, Baba,” ta ce. “Tatsa da daka suka cinye su.”

Na ce na sani, azurfa takan ci in ana sawa. Ɗan lotsin dai yana nan. Na ɗora babban yatsana a kai, bai shiga ba, ya yi masa girma. Na miƙa mata abinta, don mutanenta sun riga sun kaɗa shanu suna jiranta.