Fayif ɗin da Siminti Ya Toshe

Duk wanda ya ce maka aikin wayarin, wato sa wa gida wayar lantarki, na mutum ɗaya ne, bai taɓa jan waya a cikin bango ba. Sassaƙa bango da guduma da cizal, wannan ka iya yi kai kaɗai. Kwantar da fayif a ramin, ka kafe shi kafin masu filasta su rufe, shi ma haka. Amma ranar jan waya dole sai mutum biyu, ɗaya a wannan ɗaki yana turawa, ɗaya a wancan yana ja. Ba kwa ganin juna, sai dai murya ta bayan bango.

Shekara goma sha ɗaya ina da wanda ke tsayawa a ɗaya ɗakin. Mutumin Kwandere ne, ya girme ni da kaɗan, ba ya da yawan magana. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, fushina a kan hanci yake. Yana kirana Malam, ina kiransa mutumina. Ranar Juma'a shi ke riƙe aiki in tafi masallaci, ranar Lahadi ni ke riƙewa ya tafi coci. Ina yawan tsokanarsa cewa Hausarsa ba ta san mace ba, matarsa ma "ya zo" yake ce mata. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai ya gane ni."

Wani gida muka samu a hanyar Shabu, na wani ɗan kasuwa, ɗaki shida da falo. Mun kwantar da fayif, an yi filasta, muka dawo jan waya. Ko'ina ta wuce sumul sai bangon falo. Siririn ƙarfen da muke zurawa ya shiga kamu biyu ya tsaya cak. Siminti ya cika fayif ɗin ya daskare.

A sana'armu akwai abin da ko sabon shiga ya sani: kafin masu filasta su zo, kowane bakin fayif sai ka yagi takardar buhun siminti ka cusa ka toshe shi. In ka manta, to ka shirya fasa bango. Kuma ranar, kamar an aiko shi, mai gidan yana tsaye a kanmu da baƙinsa biyu da ya kawo su ga gini.

Kai, ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba. Na ce, "Haba mutumina! Shekara nawa kana wannan aiki, ɗan toshe fayif ma sai an tuna maka? In tsufa ya kama ka, ka koma gona mana!" Baƙin suka yi dariya. Shi kuwa ya naɗe wayar da ke hannunsa tsaf, ya ajiye a kan bulo, ya ɗauki jakarsa ya fita. Na ce a raina gobe zai dawo, ai ba yau na fara ba. Gari ya waye bai zo ba, mako ya wuce bai zo ba.

Girman kai ya hana ni nemansa, na ci gaba ni kaɗai. In tura waya a wannan ɗaki, in zagaya wancan in ja, ta maƙale, in dawo in sake turawa. Aikin wuni ɗaya ya koma na huɗu. Amma ba gajiyar ce ta fi damuna ba. Gidan da ba a gama ba, ba ƙofa ba taga, shirunsa daban ne. Da rana in zauna a kan bulo in buɗe ledar shinkafa da wake, in ga na saba raba ta biyu. Na yi kewarsa, wallahi na yi, har haushin kaina nake ji.

Bangon falon na bari sai ƙarshe. Da na sa cizal na ɓare filastar, fayif ya fito, sai na tsaya ina dubansa. Mutumina ƙusa biyu yake gicciyawa ya kafe fayif, haka yake yi tun da na san shi. Ni kuma da siririyar wayar ƙarfe nake ɗaurewa. Abin da ke gabana ɗaurina ne, murɗi uku, irin nawa. Nan na tuna: ranar Lahadi na yi bangon nan ni kaɗai, hadari ya taso, na yi sauri na tafi gida ban toshe fayif ɗin ba.

Magana zarar bunu ce. Duk da haka ranar Asabar na hau mashin na nufi Kwandere. Matarsa ta ce yana gona. Na same shi yana kafa wa doya sanduna, ya miƙe ya share hannu a wando, muka gaisa kamar jiya muka rabu. Na faɗa masa abin da na gani a bango, ban rage komai ba. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Na sani, Malam. Tun ranar na sani."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"A gaban mai gida? Kai ya ba aikin. Da na faɗa, ba zai ƙara kiranka ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce to ya dawo Litinin, akwai wani gida a cikin gari yana jiranmu. Ya dubi gonarsa ya ce:

"Na yafe maka tun kafin in kai titi. Amma ka ce in koma gona, na koma, kuma na ga a nan ba mai ɗaga min murya."

Ba da fushi ya faɗa ba, da ma da fushin ne da na san yadda zan yi da shi. Ya kai ni gidansa, matarsa ta kawo ruwa, ya zaɓo doya biyar daga rumbu ya ɗaura min a bayan mashin da hannunsa, ya ja igiyar ya ga ta kama. Ya ce in gaida yara. Bai ce in sake zuwa ba, ni kuma ban iya tambaya ba.