Sufyanu Makau Ya Kwanta a Anka

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Ranar Talata, 14 ga Agusta, 2018, da hantsi, aka bugo mani waya daga Kaduna cewa Sufyanu Makau ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa talatin da uku. Ni Nuruddeen Ilu, tare muka tashi da shi a Zugu, ni ne mai tsaron gida a ƙungiyar farko da ya buga wa ƙwallo, kuma ni aka ɗora wa alhakin mayar da gawarsa gida.

Sufyanu, ba ka yi suna ba, kai ma ka sani. Ɗan wasan tsakiya ne kai, irin wanda 'yan kallo ba su lura da shi sai ranar da bai buga ba. Ka buga a Gusau da Sakkwato, ka tsallaka Maraɗi, ka yi Kwatano, ka dawo Lokoja, daga nan Jos, sannan Kaduna. Ba ka taɓa cika shekara uku a ƙungiya ɗaya ba. Jakarka kullum a ɗaure take.

Akwai halinka da ya sha ɓata mani rai. Duk wanda ya zo gwaji daga yankinmu, ko daga Gummi ko Bukkuyum, ɗakinka yake sauka. Idan aka shiga fili sai ka lura da ƙafar da ya fi iya sarrafawa, ka dinga ajiye masa ƙwallo a kanta har mai horarwa ya ɗauka gwani ne. Ko da kuwa gurbinka ya zo nema. A Sakkwato haka ka yi wa Lukman Ɗanmusa, aka ɗauke shi aka sallame ka. Na yi maka faɗa har na ce wautarka ta yi yawa. Ka yi dariya, ka ce kai ka san hanyar tasha, shi kuwa bai sani ba tukuna.

Inna Asabe, mahaifiyarka, ba ta taɓa son wannan yawo ba. Duk damina kana ce mata wannan ce kakar ƙarshe. Da ta gaji da jin haka sai ta ce ta yafe zamanka kusa da ita, amma abu ɗaya take roƙo: duk inda ajali ya same ka, a kawo ka ka kwanta kusa da mahaifinka. A gabana ka yi mata alkawari.

Na tarbi motar da ta ɗauko ka a Gusau, muka iso Anka dab da la'asar. A nan direba ya kashe mota ya ce ba zai ƙara gaba ba. Tun safe ake raɗe-raɗin an ga 'yan bindiga a dajin da ke kan hanyarmu, ga gero ya yi tsawo, mutum zai iya tsayawa a bakin hanya ba a gan shi ba. Ban ga laifin direban ba.

Kafin mu ankara tashar ta cika da mutanen da ka taɓa saukarwa a ɗakinka. Lukman ya iso daga Sakkwato idonsa jajur. Ya ce a naɗe ka a tabarma a ɗora a babur, shi zai tuƙa. Wasu biyar suka ce za su raka shi. Dattawan Anka suka ce haramun ne a jefa rayayyu cikin halaka saboda mamaci, ga shi kuma gawa ba ta jira. Lukman ya ce su ba su san abin da ka yi masa ba. Murya ta fara tashi, rana tana yin ƙasa, kowa yana kallona. Gaskiya na tsorata, ban kuma san wanda zan bi ba.

Da kyar waya ta shiga Zugu, aka miƙa wa Inna.

"Ina kunka kai?"

Na ce Anka. Na gaya mata komai, har da cewa mutum shida sun hau babur suna jiran umarni. Sai ta ce:

"Nuruddini, ku bizne shi nan. Ɗa guda nir rasa yau. Ban iya kallon uwaye shida gobe."

Lukman ya karɓi wayar yana roƙonta. Ta ce in dai yana ganin girmanta, ya sauko daga babur ɗin nan. Ya sauko. Aka yi maka wanka da sallah, muka sa ka a makwancinka a maƙabartar Anka kafin magariba, cikin mutanen da ba ka sani ba.

Washegari labari ya zo cewa babu wanda aka tare a hanyar ranar, masu babura sun yi ta wucewa lafiya. Lukman ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ni kuma na tafi Zugu gaisuwa ina fargabar yadda zan dubi Inna. Na tarar ta riga ta ji. Ba ta bari na buɗe baki ba.

"Na jiya," in ji ta. "Ko yau anka sake tambaya ta, abin da za ni hwaɗi ke nan."

Allah ya jiƙanka, Sufyanu, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Mardiyya da 'yarka Safa, da 'yan uwa na Zugu, da mutanen Anka da suka karɓe ka. Inna Asabe kuwa, Allah ya ba ta ladan haƙurin da ta yi, ya kawo mana zaman lafiya a wannan ƙasa tamu, kada wata uwa ta sake tsayawa inda ta tsaya. Amin.