Reshen Lafinta Biyu

Shekarun baya, lokacin da jirgin ƙasa yake sabon abu a Zariya har yara kan watse in ya yi kuka, mahaifina ya shigo gidanmu na Tudun Wada da wani ƙamshi a jikinsa. Ƙamshi ne mai sanyi, ya riga sallamarsa isowa tsakar gida. Inna ta ɗaga kai daga tankaɗe ta ce, "Malam, yau kuma kanti aka biya?"

Ya yi dariya, ya zaro jiƙaƙƙen tsumma daga aljihu. Reshe biyu ne a ciki, sirara, ganyensu toka-toka. A lokacin yana koya wa wani Bature Hausa, Baturen ne ya yanko masa daga tsiron da ya taho da shi daga ƙasarsu a gwangwani. Wai turaren lafinta da ake sayarwa a kwalba, daga wannan ake yinsa.

Mu biyu ne yara a gidan: ni, da 'yar ƙanwar Inna da aka kawo mana daga Dutsen Abba bayan rasuwar mahaifiyarta. Tun zuwanta ba ta magana sai an tambaye ta. Wuni take yi a bakin ƙofar ɗaki tana kallon zaure, kamar akwai mai zuwa ɗaukarta.

Baba ya ce, "Kowa ta ɗauki ɗaya ta dasa. Mu ga mai hannu."

Ni ban ji ko ɗar ba. A gidan nan ni ake yabo. Ni na yi nisa a karatu, ni ake kira in yi wa baƙi tilawa. Hannu kuma, ai nawa ne.

Inna ta ba mu kasko biyu iri ɗaya, muka cika da yashi da 'yar ƙasa. Baba ya nuna mana yadda aka nuna masa: a tsige ganyen ƙasa, a soka reshen har gaɓarsa ta nutse, a ajiye a inuwa, kada a cika masa ruwa. Da yake ni mai mafarki ce da rana tsaka, sai na ciro ƙwayar murjani ɗaya daga abin wuyana na binne a gindin nawa, wai kyautar maraba ga baƙon da ya ƙetaro teku. Ban gaya wa kowa ba. Nawa na ajiye gefen rumbu, nata jikin katanga.

Kullum da safe sai na tsuguna na gaishe shi. Har baitoci na tsara masa, na kira shi ɗan sarki a ƙasar da ba a san shi ba. Ita kuwa, sai Inna ta ce, "Je ki duba naki mana," sannan ta tashi.

Ranar da za a kai ni cikin birni wajen kakata, na ga kamar wani ɗan tsiro ya leƙo a kan nawa. Na tafi da murnata a ciki, na ce in na dawo zan ba kowa mamaki.

Da na dawo, busasshen tsinke na tarar a gefen rumbu, ya yi baƙi. A jikin katanga kuwa sabon ganye ne shar, ita kuma tana tsugune a gabansa. Ta juyo ta ce, "Yaya, zo ki gani, ya kama!" Ranar na fara jin muryarta da ƙarfi, na kuma fara ganin haƙoranta. Da ma ban gani ba.

Baba ya dafa kanta ya ce, "Ashe ga mai hannu nan a ɓoye." Ya dube ni ya ƙara da, "Malama, baiti ba ya shayar da shuka."

Aka yi dariya, har da Inna, ko da yake ita ba ta dube ni ba.

Kishin da na yi, Allah kaɗai ya sani. In zan wuce ta wajen katangar sai in ɗauke numfashi, don kada hancina ya ci amanata. Na gaya wa ƙawayena warin magani yake yi. Ita kuma ta zama wata daban. Ta koyi yankar rassa tana dasawa, matan unguwa suna aikowa a ba su na sawa cikin adudun kaya. Suna suka sa mata, Mai Lafinta. Ni da na yi masa waƙa, ko ganye ban roƙa ba. Sai dai in Inna ta aike ni ɗauko zane, nakan tura fuskata cikin adudunta in daɗe.

Ta sha kawo mini reshe. "Yaya, ki sake gwadawa mana."

"Ni karatu ne a gabana, ba wasan ƙasa ba."

Yanzu in na tuna, dariya nake yi wa yarinyar nan mai ɗauke numfashi. Amma ba zan ce ya wuce duka ba. Har yau in na ji lafinta a jikin wata, sai na ɗan daure kafin in ce, kai, da daɗi.

Sai da aka zo bikinta, ni ina goye da ɗiyata ta fari, ta ce da tsohon tsironta za ta tafi. Jijiyoyinsa sun cika kaskon, dole aka fasa shi. Ƙasa ta zube, wani ɗan jan abu ya gangaro har gaban ƙafata.

Na ɗauka, na goge da bakin zane, sai ga murjanina. Na miƙa wa Inna a tafin hannu. Ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da ninke kayan amarya.

"Nata ne ya mutu," ta ce a hankali. "Kina birni na sauya musu wuri. Ke kina da ni. Ita a lokacin me take da shi?"