Kusinen da Ya Ƙi Mutuwa

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ya bar ni ina tambayar jikokina sunayensu, na san akwai abu guda da ba zai iya ɗauka ba, shi ne bazarar da yayana ya ɗaura yaƙi da wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Har yau in na tuna sai in yi dariya, in dariyar ta ƙare kuma raina ya ɓaci.

Mu mutanen Tamaske ne. Ni da yayana mun daɗe muna cirani a Abijan, abin da muka samu muka haɗa muka sayi wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ni ne direba, shi ne mai karɓar lodi da yanke magana. Muna bin kasuwannin Keita da Ibohamane da Buza, lokacin albasa kuma har Madawa. Motar nan ita ke ciyar da gidansa da nawa, ita ce kuma ta raba mu da cirani, muka zauna kusa da iyalinmu kamar sauran mutane. Duk mun san ranar da ta mutu, ranar za mu sake ɗaure ƙunshin tafiya.

Wata rana a hanyar Madawa inji ya fara wata ƙara daga can ciki, kwas-kwas-kwas. Da kyar muka lallaɓa zuwa wani gareji a cikin Madawa. Bakanike ya kwance ya ce kusine ne ya cinye. Ga wanda bai sani ba, kusine wasu 'yan ƙarafa ne masu lanƙwasa, sirara, da babban ƙarfen inji ke juyawa a kansu. In sun cinye, inji ya kama hanyar lahira. Ya tura mu kantin wani Alhaji mai kayan mota, shi kuma ya jera mana kwalaye uku a kan tebur.

"Wanga na arha na, ba ni ce maku komi bisa nai," in ji Alhaji. "Wanga na tsakiya, garanti wata ukku. Wanga kau ya hi wanda mota taz zo da shi ƙarhi. Garanti shekara guda."

"Garantin ga, hwaɗa mani shi dalla-dalla," in ji Yaya.

"In ya ƙone ko ya yi ƙara kahin shekara ta zagayo, ku kawo in ba ku sabo, a ɗaura maku, ba ku biyan ko dala. Sharaɗi guda na: ku canza mai bisa lokaci, kuma kada ku bari shi ƙare."

Na arhar bai wuce kuɗin zakaru biyu ba. Na tsakiyar ya kai akuya. Mai ƙarfin kuwa ragon layya ne sosai, mai ƙaho. Ni na nace a kan mai ƙarfin, don ni ke kwana ƙarƙashin mota in ta lalace a daji. Yaya ya yi ciniki har bakinsa ya bushe, Alhaji bai rage komai ba. A ƙarshe ya biya, fuskar nan kamar ana cire masa haƙori.

Sai na gaya muku halin yayana kafin ku gane abin da ya biyo baya. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma nasa haƙƙin ko na ƙwayar gero ne ba ya barinsa. Bai taɓa sayen abu a kasuwa ya tashi ba a yi masa gyara ba. Mai tumatir ta ƙara masa, mai nama ya ƙara masa, har mai allura sai ya ba shi ɗan zare. Masu goron Tamaske in sun hango shi tafe, tun daga nesa suke ware na gyaran don a gama da wuri.

Aka ɗaura kusine, mota ta dawo yarinya. Muka yi damina lafiya, muka yi kaka lafiya, ban sake jin ko ƙis daga injin nan ba. Ni dai a wurina an gama magana.

Da bazara ta kusa zagayowa, muna tashar Keita muna jiran lodi, sai wani direba ya zo yana ta cika baki. Shi na tsakiyar ya saya wurin Alhajin nan, ya ƙone masa a wata na biyu, ya koma aka ba shi sabo fil. "Kuɗɗin guda nib biya, biyu nis samu," yake ta faɗa, 'yan tasha suna yi masa barka kamar an yi masa haihuwa. Na lura Yaya bai yi dariya ba. Muka kamo hanyar gida, sai da muka hango Tamaske ya juyo.

"Sofer," wato direba, haka yake kirana in maganar mota ce, "garantinmu, mi ar rage?"

"Kamar wata guda, Yaya."

"Kenan in watan ga ya wuce lahiya, Alhaji ya cinye muna sabon kusine."

Na ce, "Haba Yaya, ai lahiyar munka saya, ga ta kau muna sha."

"A'a. Biyu munka biya, guda anka ba mu. Gudan yana can cikin kanti yana jiranmu. Ni ban taɓa barin gyarata ga kowa ba."

Na ɗauka wasa yake, sai na ce to mu zubar da man inji mana, kafin la'asar ya ƙone. Wallahi sai ga mutum ya fusata. "Subhanallahi! Ni macuci na? Mun yi sharaɗi da bawan Allah, sai in karya? Aiki za mu ba shi, na halas, hal shi gaji don kainai."

Daga ranar motar nan ta shiga uku. Mai dai ba ta taɓa shan mai kyau irin na watan ba, don Yaya da kansa yake duba shi safe da yamma, kada Alhaji ya samu abin kamawa. Amma lodi, duk wanda direbobi suka ƙi, namu ne. Masu gini suna neman mai kwaso musu duwatsu daga kan tudu, Yaya ya ce ga mu. Buhunan albasa muka riƙa jerawa har sai na leƙa ta taga ina duban rassan itace kada su kwashe lodin. In akwai hanya biyu, mai kyau da mai duwatsu, sai ya nuna mini mai duwatsun, ya ce ta fi kusa. Ni da aka haifa a ƙasar nan ake gaya wa hanyar da ta fi kusa!

Abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Taya ta fashe, muka sa ta ajiya, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Bututun hayaƙi ya faɗi a wani kwari, sai wani makiyayi ne ya biyo mu da shi. Ƙofar ɓangaren Yaya ta daina rufuwa, ya ɗaure ta da igiyar guga, in zai fita sai ya bi ta kaina. Duk wannan bai dame shi ba. Kullum in mun dawo gida sai ya sa in bar inji a kunne, ya ɗauko sanda ya dafa bakinta a jikin inji, ɗaya bakin a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya ɗago ya yi tsaki. "Ɗan banza, ko tari bai yi ba."

Ranar da na fi jin kunya, muna gangarowa daga Ibohamane da fasinjoji cike da baya, sai muka ji kwas-kwas-kwas. Yaya ya daka tsalle har kansa ya bugi rufi. "Alhamdu lillahi! Tsaya, Sofer, tsaya, ya zo!" Ya tsallake ni ya dira, yana washe baki yana gaya wa mutane inji ya lalace. Fasinjoji suka yi cirko-cirko cikin rana suna kallonsa. Muka duba inji, shiru. Ashe ludayin wata tsohuwa ne ke bugun murfin tukunyarta a bayan kujerarmu. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, in iska ka taɓa ka, hwaɗi tun da wuri mu sauka." Har muka isa Keita babu wanda ya sake yi masa magana.

Na same shi a gida na yi masa magana ta hankali. Na ce motar nan tsohuwa ce, ƙashinta ba zai ɗauki abin da muke ɗora mata ba, kuma yaranmu ita suke kallo. Ya ce saura kaɗan, in yi haƙuri. Na yi tunanin ajiye masa makulli, sai na tuna zai iya cewa shi zai tuƙa, mutumin da ko baya bai iya ja ba. Ga shi kuma babba ne, a gidanmu ba a saba ƙane ya ja da wa ba. Na haɗiye na ci gaba.

A makon ƙarshe na garantin muka je kasuwar Ibohamane. Wani mahauci ɗan Buza ya sayi bijimi, irin wanda in ya tsaya sai ya tare maka rana, yana neman mota, kowa ya ƙi. Mu kuwa mun riga mun yi lodin gero rabin mota. Yaya ya ce a hau da shi. A nan dai na kafe, na ce in bijimin zai hau, mutum ko ɗaya ba zai zauna a baya ba, ya yarda. Mahaucin ya matsu tsakaninmu a gaba, muka kama hanyar Buza da tsakar rana.

Akwai wani hawa a hanyar, dogo, duk duwatsu, wanda ko da motar wofi sai ka yi bisimilla. Na sa giya ta ɗaya, mota tana nishi tana rarrafe. Yaya ya kafa kunne a gaban mota yana cewa, "Taka, Sofer, taka! Yau ko shi ko mu!" Mahauci yana ta salati yana waiwayen sansa. Injin nan ya hau da mu har bisa, bai ko canza murya ba. Muka fara gangara, a ƙasa akwai 'yar korama busasshiya, na taka birki iya ƙarfina amma nauyi ya tura mu. Muka faɗa ramin, sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji ba, gwaram! Gilashin gaba ya koma kallon sama.

Muka fito da rarrafe. Shasi, wato ƙashin bayan mota, ya karye daidai bayan kujerunmu, mota ta lanƙwashe cikinta ya taɓa ƙasa. Gero ya watse cikin yashi. Bijimin kuwa igiyarsa ta tsinke, ya tako a hankali ya sauka abinsa, ya yi cikin daji, mahauci ya bi shi yana ihu yana zaginmu har kakanni. Cikin duk wannan, inji yana nan a kunne, yana juyawa lafiya lau. Yaya ya zagaya gaba ya tsaya yana saurare, sannan ya ce a hankali, "Kashe shi. Ba ni son jin muryatai."

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Na ce, "To ga shi nan, Yaya! Tahi Madawa ka ce ma Alhaji shi ba ka sabuwar mota! Mi za mu hwaɗa ma ɗiyanmu?" Ya samu dutse ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Da na ga haka sai fushin ya tafi, tausayi ya kama ni, don ban taɓa ganin yayana a haka ba.

Mai walda a Buza ya duba ya ce ko ya liƙa, ba za ta sake ɗaukar buhu biyar ba. Aka sayar da gangar jikin a kilo. Injin kuma wani direba ɗan Keita ya saya, wanda motarsa ke da jiki ba inji. Kafin ya biya ya sa aka kwance a gabanmu, sai ga kusine yana ƙyalli kamar jiya aka fito da shi daga kwali. Labari ya kai wa Alhaji, ya aiko mana da jaje, ya kuma ƙara wa kusinen kuɗi. An ce duk wanda ya tsaya yi masa ciniki sai ya ce ya je Tamaske ya tambayi masu bashen nan.

Abin da muka samu bai isa wata motar ba. Muka yi noman daminar, bayan girbi muka ɗaure ƙunshi, ni da Yaya da furfurarsa, za mu koma Abijan. Muka tsaya bakin hanya muna jiran motar da za ta kai mu Tawa, iyali suna tsaye suna share ido. Motar da ta tsaya, tun kafin in ga direban na gane ta da kunne. Ta ɗan Keita ce. Muka biya kuɗin mota kamar kowa, muka hau baya kan buhunan mutane. Mun yi nisa, injinmu yana ta jan mu, sai Yaya ya matso kusa da ni.

"Ji shi, don Allah. Da mun bar shi, da yanzu gida muke." Sannan ya dube ni ya ce, "Sofer, ka yahe mani."

Na yafe masa tun a kan buhunan nan, shekara huɗu kuma muka yi kafin mu sake zama gida. Abin da na koya shi ne, in ka biya kuɗi don kada abu ya lalace, kuma bai lalace ba, to an ba ka kayanka cif, babu sauran abin da za ka bi. Wanda ya kasa ganin haka zai fasa abin da ke hannunsa yana neman na cikin kanti. Yanzu in na sayi abu mai garanti, addu'ata guda ce, Allah ya sa har lokacin ya wuce ni da mai kantin kada mu sake haɗuwa sai a gaisuwa.