Kason Inna a Faifai

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero ko kai bai fid da ba, ina budurwa, sojoji ke mulki. Babanmu ya tafi cin rani Kano tun kafin kaka, ta daji ma ya bi don an rufe iyaka. Mutanen ƙauyukan Kurni da Dawce suka cika bayan garin Matameye da bukkokin kara. Kamyon soja, babbar motar kayan nan, kan kawo wata jar dawa mai warin magani, a yi layi a rana, a ba kowane gida abin da ba zai kai mako ba. Sai umarni ya zo daga sama cewa kowa ya shiga garka ya yi noman rani. Rediyo ta faɗa, mai shela ya faɗa, kuma a lokacin ba a tambayar soja dalili.

Garkarmu tana cikin kwari, yayana ke riƙe da ita. Rijiyoyin wurin a cikin rairayi ake gina su, a kare bango da itace da ciyawa. Kullum ruwan ƙara nutsewa yake, kullum sai an shiga an yashe.

Yayan nan nawa ɗan fari ne, kuma Innarmu tana kunyarsa yadda iyayen da suke yi. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, a ɗakin kakarmu ma ya tashi. Mu ƙanana mun hau cinyarta son ranmu, shi kuwa sai gaisuwa daga bakin ƙofa. Wata safiya ya makara a kwance, gajiya da yunwa sun kayar da shi. Inna tana shara a tsakar gida, ta ce da iska, ba da kowa ba, “Rana ta yi, wasu na kwance, shuka na ƙonewa.” Ya tashi, ko kunu bai sha ba, ya ɗauki igiya ya fita. Kafin azahar rijiyar ta rufta da shi. Maza suka yi ta tono da hannu da ƙwarya har la'asar, suka fito da shi bakinsa cike da rairayi.

Inna ba ta yi kuka ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Ita ce ma ke miƙa wa masu gaisuwa ruwa, mata suna ta yaba dauriyarta. Wallahi har yau in na tuna yabon nan raina ɓaci yake yi.

Daga nan duniyarta ta soma tsukewa. Ta daina bin hanyar kwari. Can ta daina zuwa rijiyar unguwa. Can kuma ko ƙarar guga ta ji sai jikinta ya ɗauki rawa. Tana cikin daka sai ta tsaya da taɓarya a hannu, ta karkata kai ƙasa tana saurare. Tafiyarta ma ta sauya, a hankali take aza ƙafa kamar mai gudun taka wani. In ƙasa ta zubo daga katanga, ranar ba za ta ci abinci ba. Malam ya yi rubutu ta sha, a gidan likita aka ba ta ƙwayoyin da ke sa ta barci da rana. Mu kuwa muka yi abin da 'ya'ya ke yi: muka ɗebo mata ruwa, muka je mata kasuwa, muka je mata suna da gaisuwar mutuwa, muka hana kowa ambaton rijiya a gabanta. Ruwan sama ya dawo, sojoji suka tafi, wasu suka zo, babanmu ya rasu, Inna tana nan tsakanin ɗaki da madafa. Ni tsorona ɗaya ne, kada ta mutu da abin nan a ƙirjinta.

'Yata ta biyu ta yi karatu a Yamai, yanzu tana aiki a Damagaram da masu ciwon damuwa. Da na tambaye ta wane irin magani suke bayarwa, ta ce yawanci zama ne da magana. Ana fito da tunanin da ya riƙe mutum, a duba shi tare a ga ko gaskiya ne, sannan a riƙa kusantar da shi kaɗan-kaɗan ga abin da yake gudu. Ta ce yanzu har ma'aikatan lafiya na ƙauye ake koya wa, wani lokaci ta waya ake yi. Sai ta ƙara da cewa masu bincike sun lura, in mutanen gida suna kare mai tsoro daga duk abin da yake tsoro, tsoron ƙiba yake yi. Kai, ranar ta ji bakina! Na ce wato mu muka ɗaure ta ke nan, mu da muka yi ta ɗaukar tulu tun ba a haife ki ba? Ta ƙyale ni. Yaran yanzu in sun ƙyale ka ba yarda suka yi ba.

Amma jika tana da abin da 'ya ba ta da shi, wato wasa. Duk hutu sai ta zo ta zauna a tabarmar Inna, tana ce mata tsohuwa mai rowa, Inna tana ce mata marar kunya. Da wasan nan ta fitar da ita zaure, wata rana har ƙofar gida. Da wasan kuma ta tambaye ta abin da ni ban taɓa iya tambaya ba, wai me take ji in ta tsaya tana sauraren ƙasa. Ina bakin murhu na ji amsar.

“Ni na tashe shi,” in ji Inna.

Yarinyar ba ta ce mata ƙaddara ce ba, don wannan kowa ya faɗa mata har ta gaji. Ta tashi ta ɗauko faifai, ta zuba gero a kai. Ta ce a ɗauka wannan geron shi ne duk abin da ya jawo mutuwar, Inna ta raba shi, kowa da kasonsa, amma nata ya zo ƙarshe. Na ɗauka Inna za ta kore ta. Sai na ga ta gyara zama. Matar da ta auna abincin gida a shekarar yunwa ba a koya mata rabo. Ta ware wa fari, wato ɗaukewar ruwan nan, babban kaso. Ta ware wa waɗanda suka tura mutane cikin rairayi ba siminti ba komai. Ta ware wa itacen bangon da gara ta cinye, da maƙwabcin garka da ya ga tsaga tun ana gobe abin zai faru bai faɗa ba. Ta daɗe kafin ta ware wa babanmu, da ya bar yaro da aikin manya. Ba ta yi son kai ba. Abin da ya rage a tsakiyar faifan bai cika tafin hannu ba.

Mu duka uku muka zuba masa ido. Ni dai hawaye nake yi, ban ɓoye ba. 'Yata ta ce da ita a hankali, ko wannan ɗin ma, wace uwa ce ba za ta tashi ɗanta ba alhali shuka na ƙonewa? Ta miƙa hannu za ta share shi cikin sauran.

Inna ta riga ta. Ta kwashe geron, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori.

“Bar mini wannan, 'yar nan,” ta ce. “Duk rayuwarsa, maganar nan kaɗai na taɓa yi masa ya amsa.”