Layin Dogo

Yayana bai taɓa mallakar shago ko mota ba, amma yana da jadawali, kuma da shi yake taƙama. Da rana gyaran injinan buga takardu yake yi a wani ofishi. Da yamma sai ya shige ɗan ɗakin da ke bayan kicin ɗin Inna, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa. Shi da amininsa Dogo suna cikin masu gina wata buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa daga ko'ina zai iya sa hannu ya gyara kyauta. Dogo gwanin rubuta manhajar ne. Yaya kuwa ƙidaya ce tasa. Ya rubuta wani ɗan shirin kwamfuta da ke tattara sunan duk wanda ya turo gyara, wata bayan wata, ya zana layin da ke nuna ko jama'ar aikin na ƙaruwa ko suna raguwa.

Ina kewar shekarun nan ƙwarai. Kujera ɗaya ce a ɗakin, don haka kullum Dogo a kan kifaffen bokiti yake zama, gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa. Musu suke yi kamar za su cinye juna, can kuma ka ji dariya. Inna ta raɗa musu suna masu gadin allo. Ni kuwa nakan tsokani Yaya cewa mutanen da yake ƙirgawa ko gaisuwa ba su taɓa yi masa ba. Ko a jikinsa.

Dokar shirin ita ce, duk wanda ya shekara bai turo komai ba, a cire shi daga lissafi. Sai Dogo ya kwanta 'yar gajeriyar jinya, ya rasu. Da shekara ta zagayo, Yaya ya ƙara layi ɗaya na umarni a cikin shirin, wai ko mene ne, a ƙirga da Dogo. Bai ɓoye ba. Tsofaffin 'yan aikin duk sun san da layin, kuma duk mai gyara sai ya kewaye shi, yadda ake kewaye mai barci a tsakar ɗaki. Haka aka yi shekaru.

Ana nan bayanai suka taru suka yi wa shirin yawa, har ya zama sai ya yini yana aiki kafin ya fitar da jadawali. Wata malamar lissafi daga wata ƙasa mai nisa, sabuwa a aikin, ta ɗauki nauyin gyara shi. Ta iya aiki, ba ƙarya. Ta haɗe sunayen waɗanda suka canza adireshi aka riƙa ƙirga su sau biyu, ta sa shirin ya daina karanta tsofaffin shekaru daga farko kowane wata. Sannan cikin ladabi ta rubuta cewa ta ga wani layi da ke ƙara mutum ɗaya a kowane wata, ko kuskure ne? Babu wanda ya tanka mata. Kowa Yaya yake jira.

Na same shi a gidansa ranar hutu, furfura ta fara cin gemunsa, ya zuba wa allo ido. Ya ce mutum ɗaya cikin ɗaruruwa, me zai ɓata? Na san halinsa, in ka ja sai ya ƙara kafewa. Can ya amsa wa kansa: masu karanta jadawalin sun yarda da shi ne saboda shi ya ƙirga, kuma Dogo da kansa da bai bar wannan layin ya kwana ba. Tausayinsa ya kama ni.

Ya rubuta wa malamar cewa ba kuskure ba ne, abokinsa ne, amma tana da gaskiya. Ya goge layin da hannunsa, ya kunna sabon shirin, ya yunƙura zai tashi ya ɗan zaga kafin a gama. Bai ko miƙe ba jadawalin ya fito.

Ya koma ya zauna a hankali.

"Da tsohon shirin ne," ya ce da ni, "da ya bar mini Dogo har yamma."